Hantar Juma'a da Idon 'Yata

Assalamu alaikum Malam Edita, tare da duk wanda wannan takarda za ta faɗa hannunsa. A shekarar da yunwa ta sauka mana a Gana, wato 1983, ni magidanci ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, ina zaune a Tamale da matata da 'yarmu guda ɗaya tilo mai shekara shida. Sana'ata rubutu. Ban taɓa zama a ajin boko ko na yini ɗaya ba, amma in dai ajami ne, alhamdu lillahi, har daga Salaga da Yandi ana aiko mini da aiki. Ina rubuta wa fatake wasiƙa, ina kwafa wa malamai littattafan da suka tsufa, wanda kuma ya zo neman addu'a in yi masa gwargwadon abin da Allah Ya sanar da ni. Hausawa su kira ni Malam, dangin matata Dagombawa su ce Afa, Fulani su ce Modibbo. Ba zan ɓoye muku ba, waɗannan sunaye sun kumbura mini kai, har na ɗauka babu abin da zai faru a cikin gidana wanda ban san fassararsa ba.

Wanda bai ga waccan shekara ba, ko an ba shi labari sai ya ɗauka ƙari ake yi. Damina ta ƙi, gobarar daji ta cinye abin da ya rage, ga 'yan'uwanmu da aka koro daga Nijeriya sun dawo, kowane gida bakuna sun ƙaru. Mutum ya riƙe kuɗi a hannu ya zaga kasuwa har ya gaji bai sami mudun masara ba. Ƙasusuwan wuyan mutane suka fito, har samari suna ba'a suna cewa kowa ya sami sarƙar ado kyauta. A gidana mun koma kokonte, wato tuwon garin rogo, safe da dare, da miyar da ba ta wuce ruwa da gishiri da barkono ba, in an yi sa'a a jefa ɗan ƙullin daddawa. Amma ni ina da wata ƙofa da Allah Ya buɗe mini. Akwai wani mahauci Bamoshe a Zangon Moshi da nake yi wa addu'a a kan sana'arsa, kuma da yake makiyaya suna ta karyar da shanu saboda rashin ciyawa, yanka bai yanke masa ba. Duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya aiko mini da yankin hanta kamar tafin hannu, a naɗe a ganye. Wani lokaci kuma masu kawo aikin wasiƙa daga ƙauye su ajiye mini ƙwan zabi biyu ko uku.

To, ga inda kuskurena yake. A yadda muka tashi, hanta da ƙwai abincin maigida ne. Ana gasa hantar, a sa a langa mai murfi, a kai masa zaure, ya ci shi kaɗai ko da baƙonsa. Yaro kuwa ba a ba shi, domin iyayenmu sun ce yaron da ya ɗanɗani ƙwai ko hanta zai tashi da kwaɗayi, kwaɗayi kuma ya kai shi ga sata. Haka aka yi mini, haka aka yi wa matata a gidansu, ba mu taɓa tambayar dalili ba. Ni har na ƙara wa al'adar wata hujja tawa. Nakan ce idona shi ne gonar gidan nan, in ya dushe babu rubutu, in babu rubutu babu tuwo, saboda haka hantar da nake ci ai don su nake cinta. Sau ɗaya matata ta yi ƙarfin hali ta ce, Afa, ko za a ɗan gutsura wa yarinyar nan, na ga ta rame. Na ɗaga kai na dube ta, na tambaye ta ko ɓarauniya take so mu raina a gidan malami. Yarinyar tana tsaye a bakin ƙofa tana ji. Daga ranar matata ba ta sake tayar da maganar ba.

Ita kuwa 'yar tawa, ba don ni na haife ta ba, Allah Ya ba ta kai. Tun tana shekara huɗu take zama kusa da ni tana kwaikwayon yadda nake fiƙe alƙalami. Ana biya mata karatu sau biyu ta riƙe. Al'adata ita ce in biya mata da safe, in kuma saurari haddarta da karatun allonta bayan sallar magariba a gefen wutar kara, tunda kananzir ya zama sai wane da wane. Wajen tsakiyar bazara sai na fara ganin wani abu da ya ɗaure mini kai. Da safe ta karanta allonta tsaf. Da magariba in miƙa mata allon nan dai, ta riƙe shi, ta kawo shi dab da hanci, ta juya shi, ta kasa karanta komai. In na matsa mata sai ta ce, Baba, ba ta ganin baƙaƙen. Na ce wane irin ido ne yake gani da safe ya ƙi gani da yamma, in ba idon ƙiwuya ba? Sannu a hankali haddar ma ta fara zubewa. Surar da ta daɗe da wucewa sai ta tsaya a tsakiya tana kallona. Ta daina wasa da 'yan'uwanta yaran unguwa, ta koma yawan gyangyaɗi, in an aike ta ɗauko abu ta je ta dawo ta manta abin da aka ce. Uwarta ta gaya mini cewa in rana ta faɗi yarinyar bango take bi da hannu kafin ta kai ɗaki. Na ce ko dai shagwaɓa ce, ko kuma bakin mutane ne ya kama ta saboda yawan yabon da ake mata. Na yi mata tofi, na sa aka ranɓaɗa mata kwalli, na yi rubutu na wanke ta sha, har na ɗiga mata ruwan a ido. Ban bar komai ba, sai abu ɗaya da yake cikin langa a gefen gwiwata.

Abin da har yau in na tuna nake jin nauyi a ƙirji ya faru wata Laraba. Akwai wani littafi da na shafe kusan wata biyu ina kwafa, na shimfiɗa takardun a tabarma suna shan iska, kurtun tawada yana gefe. An idar da magariba ke nan na ƙwala mata kira ta kawo mini buta. Ta taho tana lalube, ta sa ƙafa ta yi fatali da kurtun, tawada ta malale a kan warƙa bakwai. Ban tsaya tambaya ba, na jawo tsumagiya. Tana kuka tana cewa wallahi Baba ba ta gani ba, ni kuwa ina cewa kurtu ƙato kamar wannan a gabanta ta ce ba ta gani ba, yau sai ta gani. Allah Ya yafe mini. Daga ranar sai ta ɓullo da wata dabara irin ta yara: tun rana tana ja take zuwa ta zauna a dokin ƙofar ɗakin uwarta, ta haɗa gwiwa da ƙirji, ba ta sake motsi sai an ɗauke ta an kai ta shimfiɗa. Ni kuma da na ga haka, har na ce wa uwarta ga shi nan, bulala ta yi aiki, yarinya ta natsu.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya, wata dattijuwa Bafillatana mai tallan nono, wadda rugarsu take can bayan Sagnarigu, ta zo in rubuta mata wasiƙa zuwa ga ƙaninta da ya yi kudu da shanu. Mun saba da ita, Inna nake ce mata, kuma mace ce da ba ta tauna magana. Wasiƙar ta yi tsawo, don sai da ta lissafa gaisuwar kowace saniya, har rana ta yi ƙasa. Da za ta tashi sai ta leƙa tsakar gida ta hangi yarinyar a takure a dokin ƙofa. Ta zuba ɗan guntun nonon da ya rage mata a ludayi, ta matsa ta miƙa mata. Ina kallo da idona, yarinyar ta miƙo hannu, amma sai hannun ya wuce ludayin ya kama iska. Inna ta ajiye ƙwaryarta. Ta ɗago fuskar yarinyar wajen sauran hasken yamma, ta buɗe mata ido da yatsa biyu, ta daɗe tana dubawa, sannan ta kira ni, ta ce Modibbo, taso ka karanta wannan, tunda an ce kai mai karatu ne. Na duba. Farin idon ya bushe ya yi yaushi, babu sheƙi, a gefe kuma ga wani abu fari kamar kumfar sabulu ya manne. Wata nawa ina zaune da yarinyar nan a gida ɗaya, ina duba ɗigon da ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta a takarda, ban taɓa duba cikin idonta ba.

Inna ta ce wannan ai dundumi ne, ba baki ba ne, ba aljani ba ne. Ta ce su a ruga sun san shi tun a jikin maruƙa: in rani ya yi tsawo dabba ba ta sami ɗanyen haki ba, da yamma sai ka ga maraƙi yana karo da turke, amma da zarar ya ci sabuwar ciyawa sai ido ya dawo. Ta ce ga ɗan'adam kuwa maganinsa hanta, kowace tsohuwa ta san haka, kuma in aka yi sake idon yakan narke gaba ɗaya, ta ga wanda ya narke. Sai ta tsaya, ta ɗaga hanci sama tana shaƙa, ta ce ita fa hancinta yana gaya mata maganin yana cikin gidan nan, kuma in ba ta yi kuskure ba yana ƙarƙashin murfin langar da ke zaure. Matata ta sunkuyar da kai. Inna ta dube ni, ta dubi langar, ta tafa hannu ta ce kai, Modibbo, ashe likita ne kai, mara lafiya yana kwance kai kana shanye masa magani! Ta ce ita ba ta san alif ba, amma ko a ruga ba a tatse saniya a bar maraƙi da ƙishi.

Wallahi ban ji haushinta ba, wani irin zumuɗi ne ya kama ni. Ashe abin yana da suna! Ashe yana da magani, kuma maganin yana nan da ɗuminsa! Na ruga zaure ba takalmi, na ɗauko langar, na durƙusa a gaban 'yata, na yanko hantar na kai bakinta. Sai ta kauda kai, ta datse leɓe. Na lallashe ta, ta ƙi. Da uwarta ta tambaye ta dalili, sai ta ce cikin ƙaramar murya, ai Baba ya ce duk yaron da ya ci hanta ɓarawo zai zama, ita kuwa ba ta so ta zama ɓarauniya. Maganata ce ta tsaya tsakanin 'yata da idonta, kuma babu mai iya janye ta sai ni. A gaban matata, a gaban baƙuwa, na gaya wa yarinya 'yar shekara shida cewa Babanta ya yi kuskure, abin da ya faɗa ba gaskiya ba ne, ba ya cikin kowane littafi, kuma dukan da ya yi mata ranar Laraba zalunci ne, ta yafe masa. Sai ta tambaye ni ko da gaske malamai ma suna kuskure. Inna ta ce sosai ma, sai dai ba su cika faɗa ba. Yarinyar ta buɗe baki. Da hannuna na ba ta har ta cinye, ta lashe yatsuna.

Washegari tun da sassafe muka nufi Zangon Moshi ni da matata. Na zayyana wa mahaucin nan komai, ban rage ba. Ya riƙe baki, ya ce shi duk zatonsa hantar gida take shiga, da ya san a zaure take ƙarewa da ya riƙa aikowa ta ƙofar baya. Matata kuwa, da yake tsakanin Dagombawa da Mosawa, wato ƙabilar mahaucin, akwai wasan kaka da jika, ta ce masa ai laifinsa ne, jikan banza, da yana kawo wa kakarsa gaisuwa hannu da hannu da ba a yi haka ba. Ya ce to kaka, daga yau in an yi yanka rabon yarinya ne farko, Malam kuwa ya koma cin huhu. Aka yi dariya, ni ma na yi, ko da yake dariyar da ƙaya a ciki. Daga nan muka wuce asibiti da yarinyar. Wata nas dattijuwa ta duba ta, ta nuna mana kantocin magani fayau babu komai, ta ce abin da Bafillatanar ta faɗa shi ne dai abin da ita ma za ta faɗa. Ta ce a ba ta hanta kaɗan-kaɗan, da ƙwai, da ganye a miya, da manja, da mangwaro ko gwanda in an samu. Ta yi mini faɗa sosai a kan ɗiga abu a ido, ta ce kada in sake. Ta ce idon dama zai warke sarai, amma na hagu gyambo ya riga ya fara a kan baƙinsa, zai bar tabo, kuma da mun ƙara jinkiri da duka biyun za mu rasa. Ta ba mu ɗan ragowar man shafawa a ido. Ta ƙara da wata magana da ban manta ba, cewa ido da ƙwaƙwalwa a kwano ɗaya suke ci, yaron da tuwon rogo kaɗai ke cikinsa kada a zarge shi in karatu ya zube.

Jama'a, ku zo ku ga malami yana hawan katanga! Akwai bishiyar zogale a bayan gidanmu da na shekara ina ɗaure akuya a gindinta, ban taɓa ɗaukarta a bakin komai ba, ni ne har can sama ina zage ganye, maƙwabta suna leƙe suna tambaya ko lafiya. Na bi 'yan kudu masu sayar da manja, na bi masu sauran mangwaron da lokacinsa ke ƙarewa. Ƙwan zabi in ya shigo, kai tsaye madafa. Kowace magariba kuma sai in zauna a tsakar gida ina satar kallonta. Daren farko tana nan a dokin ƙofa. Na biyu ma haka. A na uku, ina alwala, sai na ji muryarta a bayana tana cewa Baba ga carbinka ka yar a ƙasa. Na waiga. Ta taso daga ƙofar ɗaki, ta ratsa tsakar gida, ta kewaye turmi, ta tsinci baƙin carbi a kan baƙar ƙasa! Na saki buta na yi kabbara da ƙarfi har liman ya aiko a ji abin da ya faru. Matata ta rangaɗa guɗa, ta koma tana kuka, ta sake dawowa tana guɗa.

Amma ranar da ba zan manta ba ita ce ta duban watan azumi, bayan kamar mako uku. Mun fita filin da ke gaban masallacin unguwa, manya da yara, kowa ya ɗaga kai yamma, sama kuma da ɗan hazo-hazon gajimare. Na ɗora ta a kafaɗa don kada a take ta. Tsofaffi suna ta nuna wurare daban-daban, wani ya ce ga shi, a duba a ga ba shi ba ne. Can sai na ji ta zabura a wuyana tana ihu, ga shi can, ga shi can a saman rimi! Na duba ban ga komai ba. Ni da na shekara ina cin hanta don kare ido! Sai ta kama kunnuwana biyu ta juya kaina kamar mai tuƙa keke, ta ce Baba ba nan ba, can. Sai ga shi, siriri kamar an ja shi da sabon alƙalami. Fili ya ɗauki kabbara. Liman ya ce a ɗaga yarinyar kowa ya gan ta, mahaucin nan yana tsalle yana cewa hantarsa ce, hantarsa ce ta ga wata. Ni dai hawaye ne suka hana ni ganin watan a karo na biyu.

Kan nata bai dawo da saurin idon ba. Sai da muka koma baya muka sake bin surorin da suka zube ɗaya bayan ɗaya, wannan karon ba tsumagiya a kusa. Kafin damina mai albarka ta shekarar da ta biyo ta kai kaka, ta kamo inda ta tsaya ta wuce. Tabon kuwa yana nan. Hakiya ce 'yar ƙarama a idonta na hagu, kuma da shi ba ta ganin komai sai inuwa. Ba ta taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya, amma ni duk lokacin da ta dube ni ina karanta abin da na rubuta da hannuna, wanda ba ya wankuwa.

Abin da na koya shi ne, ba duk abin da muka gada daga iyaye ne addini ba, kuma ba duk abin da ya gagare mu ganewa ne baki ko iska ba. Ban daina addu'a ba, ba kuma zan daina ba, amma na gane cewa Wanda ake roƙo Shi ne Ya halicci hanta da zogale, kuma tun kafin in roƙa Ya riga Ya aiko da amsa har zaurena, ni na rufe ta da murfi. Ina kira ga magidanta 'yan'uwana, musamman masu langa a zaure: jikin da yake girma ya fi jikin da ya gama girma bukatar mai kyau. Ƙwai ba ya mai da yaro ɓarawo. In kun ga yaro yana bin bango da magariba, ko yana karo da kaya, ko mai kaifin kai ya fara mantuwa da gyangyaɗi, kada hannunku ya fara zuwa kan bulala. Ku duba cikin idonsa, ku duba cikin kwanonsa, ku kai shi asibiti tun da wuri, kuma kada ku ɗiga masa komai a ido da ka. Yau tsufa ya dushe nawa idon duk da hantar da na ci, alƙalami ma sai da lalube. Wannan takarda da ajami na tsara ta, wadda ta karanta ta kuma juya muku ita zuwa boko ita ce yarinyar nan, da idonta guda da Allah Ya tsirar daga hannuna. A gidana kuwa har gobe in an gasa hanta ranar Juma'a, daga kan mafi ƙanƙanta ake fara rabo, ni ne na ƙarshe, in ta rage.